Kwana a Gindin Dala: Wuraren Tarihin Masar da Inda Baƙo Zai Sauka

A watan Yuli na shekarar 1324, ayarin Mansa Musa, sarkin Mali, ya iso bakin Alƙahira a kan hanyarsa ta zuwa aikin Hajji. Masu tarihi sun rubuta cewa bai faɗa cikin birnin kai tsaye ba, sai da ya yada zango kwana uku a gindin dalolin Giza kafin ya haye kogin Nilu. Shi dai da tantunansa ya zo, da raƙumansa, da masu yi masa hidima. Baƙon yau da ya taso daga Kano ko Abuja a jirgin EgyptAir akwati ɗaya gare shi, kuma tun kafin ya fita daga filin jirgi tambayar masauki tana jiran sa.

Da yawa daga cikin Hausawan da ke zuwa Masar jinya ce ta kai su, ko karatu, ko fatauci. Ganin wuraren tarihi yakan zama abin da ake tunawa da shi ana gobe za a koma gida: a tare tasi da tsakar rana, a sha cunkoso, a tsaya gaban dala a yi hoto ido a runtse saboda rana, a dawo da ciwon kai. An je, amma ba a gani ba. Abubuwa biyu ne ke mulkin ziyara a ƙasar nan, zafin rana da cunkoson motoci, kuma babu abin da ke maganinsu kamar mutum ya kwana kusa da abin da ya zo gani, ya yi sammako.

Hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya tana da jerin wuraren da ta ɗauka a matsayin gadon 'yan Adam baki ɗaya. A cikinsa akwai Sukur ta jihar Adamawa tun 1999, da kurmin Osun-Osogbo tun 2005, da tsohon garin Agadas tun 2013. Masar tana da bakwai, biyar daga cikinsu a shekara ɗaya suka shiga, wato 1979. Huɗun da suka fi shahara a jere suke a bakin Nilu, daga Alƙahira har zuwa kusa da iyakar Sudan, tazarar da ta haura kilomita dubu. Saboda haka babu otal guda da zai ishi mai son ganin su duka.

Babbar dala ta Giza kabarin Fir'auna Khufu ce, an gina ta wajen shekara 2560 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tsayinta na asali mita 146 da 'yan kai ne, yanzu ya koma wajen 138, domin tsininta ya tafi, an kuma kwashe fararen duwatsun da aka lulluɓe ta da su. An ƙiyasta tubalan dutsen da ke jikinta sun kai miliyan 2.3, kuma ta shafe fiye da shekara 3,800 babu ginin ɗan Adam da ya fi ta tsawo. Wadda ke kusa da ita, ta ɗansa Khafre, takan ruɗi ido a ɗauka ita ce babba, alhali a kan tudu aka ɗora ta. A ƙasansu gunkin nan mai jikin zaki da kan mutum yake kwance, tsawonsa mita 73, Misirawa na kiran sa Abul Haul.

An daɗe ana yawo da tatsuniyoyi kan waɗanda suka yi aikin, daga masu cewa aljanu ne zuwa masu cewa wasu halittu ne daga sama. Ƙasa ta riga ta ba da amsa. An tono garin ma'aikatan a kudu da dalolin, da gidajen gasa burodinsu, da tarin ƙasusuwan shanu da tumakin da suka ci, da kaburburansu. A 2013 kuma, a Wadi al-Jarf da ke bakin Bahar Maliya, aka samu takardun wani shugaban ma'aikata mai suna Merer, inda ya riƙa rubuta yadda shi da mutanensa ke ɗauko farin dutse a jirgin ruwa daga Tura zuwa Giza. Rajistar aiki ce ta yau da gobe, ta shekara dubu huɗu da rabi.

Shiga cikin babbar dala tikitinsa daban. Ana bi ta wani rami da ake dangantawa da Halifa Ma'amun na Abbasiyawa, wanda aka ce mutanensa ne suka fasa shi a ƙarni na 9. Daga nan sai hawa a sunkuye ta wata siririyar hanya mai zafi da ƙarancin iska, a ƙarshe a tarar da ɗaki babu zane babu ado, sai akwatin dutse wayam. Mai ciwon gwiwa ko numfashi bai yi asarar komai ba in ya tsaya a waje. Hawa jikin dala kuwa doka ta hana.

Masauki mafi suna a wurin shi ne Mena House, wanda kamfanin Marriott ke gudanarwa yanzu. Asalinsa gidan farauta ne da aka gina wa mai mulkin Masar, Khedive Isma'il, a 1869, ya koma otal a shekarun 1880. A 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, a nan da gidajen da ke kewaye aka yi taron Alƙahira tsakanin Churchill na Ingila da Roosevelt na Amurka da Chiang Kai-shek na Sin. Mai karin kumallo a lambunsa dala ce ke tsaye a gabansa kamar ya miƙa hannu ya taɓa. Kuɗinsa dai sai wane da wane, kuma ɗakin da ke kallon dala ya fi na baya tsada.

Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, ana samun wannan kallon da kuɗi kaɗan. Daura da Abul Haul akwai unguwar Nazlatus Samman, ƙauyen masu dawaki da raƙuman haya, inda magidanta da yawa suka mayar da benayensu gidajen saukar baƙi. Ɗakunan ba na alfarma ba ne. Wani matsattse ne, wani tagarsa bangon maƙwabci take kallo, lungunan kuma da ƙura da warin barga. Amma saman benen ne kasuwar: a nan ake kawo shayi da wake da gurasa da safe, dalolin uku a jere a gaba, da dare kuma a ga fitilun wasan hasken da ake yi a filin ba tare da an sayi tikiti ba. Mai hankali kan tambaya tun kafin ya biya ko daga ɗakinsa ne ake hango dalar ko sai ya hau sama, ko akwai na'urar sanyaya ɗaki, ko akwai na'urar hawa bene idan da tsoho a tafiyar. Ya kuma tambayi ƙofar da ake shiga filin a lokacin, domin a 2025 an sauya tsari, babbar mashiga ta koma kan hanyar Fayyum, motocin bas ke zagayawa da baƙi a ciki.

Masu raƙuma da dawaki sun ƙware a ciniki, kuma kuɗin da aka faɗa a ƙasa ba lallai ne ya zama shi za a nema a sama ba. A gama magana kafin a hau: nawa ne, zuwa ina, na minti nawa, kuma da kuɗin wace ƙasa.

Kwana biyu a Giza ba su yi yawa ba. Kimanin kilomita biyu daga dalolin akwai sabon babban gidan adana kayan tarihi da aka yi bikin buɗe shi a Nuwamban 2025, inda aka tara kayan kabarin Fir'auna Tutankhamun sama da 5,000 a wuri ɗaya. Kudu kuma, tafiyar da ba ta kai awa ba, akwai Saƙƙara mai dalar Sarki Djoser mai hawa shida, wadda ta girmi ta Khufu da kusan shekara ɗari, sai Dahshur inda mahaifin Khufu, Sneferu, ya gina wata dala da ta karkace a tsakiya kafin magina su gano lissafin. A can babu turmutsutsu, babu masu bin mutum da tsaraba.

Tsohuwar Alƙahira wata duniya ce daban, kuma ita ce ta fi kusa da zuciyar Bahaushe. Amru ɗan Asi ya kafa masallacinsa a Fusɗaɗ wajen 642, shi ne na farko a ƙasar Masar. Ahmad ɗan Ɗulun ya kammala nasa a 879, mai hasumiyar da matakalarta ke nannaɗe ta waje. Faɗimiyawa suka kafa birnin Alƙahira kansa a 969, aka fara sallah a Azhar a 972. Salahuddin Ayyubi ya soma ginin ganuwarsa a kan dutse a 1176. Daga ƙofar Futuh zuwa ƙofar Zuwaila, titin Mu'izzu ya miƙe wajen kilomita guda, masallatai da makarantu da hubbarori kafaɗa da kafaɗa, har da ginin Sarki Ƙalawun na 1285 da ya haɗa makaranta da asibiti. Gefensa kasuwar Khan al-Khalili ce, wadda duk wanda ya san lungunan kasuwar Kurmi ba zai ji baƙunta a cikinta ba. A maƙabartar Ƙarafa akwai hubbaren Imam Shafi'i, wanda ya rasu a 820, a yankin kuma aka binne Imam Suyuɗi a 1505, malamin da ya taɓa aiko wa sarakunan Katsina da Agadas wasiƙar nasiha.

Batun masaukin baƙi daga ƙasashenmu ma tsoho ne a nan. Masanin tarihi Maƙrizi ya ambaci makarantar Ibn Rashiƙ ta Malikiyya, wadda mutanen Kanem suka ba da kuɗin ginin ta a shekarun 1240, ta zama wurin karatu da saukar alhazansu. Daga baya Azhar ta keɓe wa ɗaliban Borno sashensu na kwana a cikin masallacin. A yau Madinatul Bu'us da ke Abbasiyya ce ke ɗaukar ɗaliban ƙasashen waje, wasu kuma suna haya a Madinat Nasr. Baƙon da ke da ɗan'uwa a cikinsu ya samu ɗan jagoran da ya fi na haya, domin ya san Larabcin kasuwa, ya san farashi.

Akwai ƙananan otal a kewayen dandalin masallacin Sayyidina Husaini, taku kaɗan zuwa Azhar. Ribar kwana a nan ita ce sallar asuba a masallacin da ya haura shekara dubu, da zagaya titin Mu'izzu kafin masu shaguna su buɗe. Hasararsa barci ne, domin unguwar ba ta yin shiru da wuri, balle a watan azumi da ake raba dare ana hada-hada har sahur. Wanda ke son tsaka-tsaki sai ya nemi tsakiyar gari, wajen dandalin Tahrir, inda ake samun komai daga manyan otal na bakin kogi zuwa ƙanana da ke hawa na biyar ko na shida a tsofaffin benaye. Jirgin ƙarƙashin ƙasa na ratsa wurin, da taragun da aka keɓe wa mata, kuma yana kai mutum tashar Mar Girgis kusa da masallacin Amru. A Fusɗaɗ ɗin ne aka mayar da gawawwakin sarakuna da sarauniyoyi 22 a watan Afrilun 2021, cikinsu har da Ramses na Biyu, wanda jama'a da yawa ke ɗauka shi ne Fir'aunan Annabi Musa (AS), ko da yake masana ba su haɗu a kan haka ba.

Iyalin da suka zo da majinyaci, za su yi makonni, gidan haya mai kaya a ciki ya fi musu otal, ko don su dafa abin da bakinsu ya saba da shi. Unguwannin Duƙƙi da Muhandisin sun yi suna da irin waɗannan gidaje, kuma a ɓangaren kogi ɗaya suke da Giza. Sai dai a san da ladan dillali, a kuma ga gidan da ido kafin a miƙa kuɗi.

Luksor tana kudu da Alƙahira da kilomita 650 da wani abu, awa guda a jirgin sama, dare guda a jirgin ƙasa mai gadaje. Nan ne tsohon birnin Thebes, kuma kogin ya raba shi biyu tun zamanin Fir'aunoni: gabas ta masu rai, yamma ta matattu. A gabas akwai haikalin Karnak, mai zauren da ginshiƙai 134 ke tsaye a cikinsa, manyansu sun haura mita 20. Wata hanya mai jerin gumaka, kusan kilomita uku, ta haɗa shi da haikalin Luksor, an sake buɗe ta a 2021. A cikin wannan haikali na biyu akwai masallacin Abul Hajjaj, wanda aka gina lokacin da ƙasa ta binne rabin ginin, shi ya sa tsohuwar ƙofarsa take can sama, a rataye. Har yau ana sallah a cikinsa.

A yamma kuwa Kwarin Sarakuna ne, mai kaburbura fiye da sittin da aka sassaƙa cikin dutse, wasu fentin bangonsu kamar jiya aka shafa. A nan mai binciken kayan tarihi Howard Carter ya gano kabarin Tutankhamun a Nuwamban 1922. Kwarin ba shi da inuwa, da bazara zafin kan wuce digiri 40, kuma da hantsi motocin 'yan yawon buɗe ido sun cika shi.

Manyan otal galibi a gabas suke, a bakin kogi, cikinsu har da Winter Palace da ya haura shekara ɗari, inda Lord Carnarvon mai ɗaukar nauyin aikin Carter yakan sauka. Amma ga mai son ganin kaburburan cikin natsuwa, yamma ta fi. Jirgin fito na jama'a yana haye kogin cikin 'yan mintuna da kuɗi ƙalilan, a tsallaken kuma akwai ƙananan masaukai na iyalai a tsakanin gonakin rake da dabino. Wanda ya kwana a can zai isa kwarin da zarar an buɗe shi da sassafe, ya gama kafin rana ta take, ya koma ya yi ƙailula, da la'asar ya haye gabas ya ga haikalin Luksor an kunna masa fitilu.

Wannan kusancin akwai waɗanda suka biya shi da gidajensu. Mutanen ƙauyen Ƙurna sun yi zamani bayan zamani suna zaune a kan kaburburan manyan fadawan Fir'auna, wasu ma bakin kabari ne ɗakin ajiyarsu. Tun a shekarun 1940 hukuma ta so ta tashe su, mai zanen gine-gine Hassan Fathy ya gina musu sabon ƙauye da tubalin laka, yawancinsu suka ƙi komawa, domin abincinsu a kan tudun yake. Daga 2006 aka kwashe su, aka rushe mafi yawan gidajen. Kaburburan sun huta da ruwan wanka da hayaƙin girki, wannan gaskiya ne, sai dai tudun ya zama kufai. Mutanen Nazlatus Samman ma sun ga an rushe wani sashe na unguwarsu a 'yan shekarun nan. Kuɗin da baƙo ya biya a gidan irin waɗannan iyalai yana shiga hannun waɗanda suka fi kowa ɗanɗana kuɗar zama maƙwabtan tarihi, kuma wannan kaɗai dalili ne na zaɓen su.

Can ƙarshen kudu, kilomita 280 gaba da Aswan, Abu Simbel take. Ramses na Biyu ne ya sa aka sassaƙa haikali biyu a jikin dutse a ƙarni na 13 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), da gumakansa huɗu a zaune a bakin ƙofa, kowanne wajen mita 20. Da aka soma gina babbar madatsar ruwa ta Aswan a 1960, ya tabbata tafkin da zai taru zai haɗiye su. UNESCO ta yi yekuwa, ƙasashe kusan hamsin suka ba da gudummawa. Tsakanin 1964 da 1968 aka yayyanka haikalan gunduwa-gunduwa fiye da dubu, wasu nauyinsu ya kai tan 30, aka sake harhaɗa su mita 65 sama da inda suke, mita 200 baya da bakin ruwa. Wannan aiki yana cikin abubuwan da suka haifi yarjejeniyar 1972, wadda a kanta jerin wuraren gadon duniya ya ginu. Gumakan sun tsira, ƙauyukan Nubiyawa kuwa ruwa ya ci su, aka tashi mutane kusan dubu ɗari a Masar da Sudan.

A Aswan mai hali kan sauka a Old Cataract, otal ɗin da aka gina a 1899 a kan dutse yana kallon kogi. Mai matsakaicin ƙarfi kan nufi gidajen Nubiyawa masu fenti kala-kala a tsibirin Elephantine ko ƙauyen Gharb Suhail, inda galibi da kwale-kwale ake zirga-zirga. Daga nan ake zuwa haikalin Philae, wanda shi ma ɗauke shi aka yi zuwa wani tsibiri mai tudu.

Yawancin masu zuwa Abu Simbel daga Aswan suke tashi wajen ƙarfe huɗu na asuba, su yi awa uku da ɗoriya cikin hamada, su iso gaba ɗaya, su yi kamar awa biyu suna bangazar juna, su juya. Awa bakwai a mota domin kallon awa biyu, da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Garin yana da ɗan filin jirgin sama da 'yan masaukai kaɗan a bakin tafkin Nasser, wasunsu ginin laka irin na Nubiyawa. Wanda ya iso da rana ya kwana zai ga haikalan da yamma bayan motocin sun watse, ya sake ganin su da fitowar rana kafin na gaba su iso.

Lokacin da ya fi daɗin ziyara daga Oktoba ne zuwa Afrilu, kuma a lokacin ne ɗakuna suka fi tsada, musamman ƙarshen Disamba. Tikitin baƙo ya fi na ɗan ƙasa kuɗi nesa ba kusa ba, ɗalibi mai katin shaidar da ake karɓa yana samun ragi, kuma manyan wuraren da yawa sun koma karɓar katin banki maimakon tsabar kuɗi, don haka a tabbatar katin yana aiki a waje tun daga gida. Ranakun 22 ga Fabrairu da 22 ga Oktoba kuma na musamman ne a Abu Simbel: da hudowar rana haskenta kan ratsa kusan mita 60 cikin dutsen ya sauka a kan gumakan da ke ƙuryar haikalin, ya bar na abin bautarsu Ptah a duhu. Dubban mutane ke taruwa domin wannan kallo na kimanin minti ashirin, ɗakunan garin kuma ba su da yawa, saboda haka mai niyyar zuwa a waɗannan ranaku sai ya kama ɗaki tun da sauran watanni.